Wata Uku Ban Shiga Motar Yaya Ba

Tabarau na je nema. Idona ya fara gaza karanta ƙananan rubutun da ke jikin bandir ɗin shadda, sai na miƙa hannu can nesa kafin in gane lamba, har masu saye suna yi mini dariya. Shekarata hamsin da ɗaya a lokacin, kuma ban taɓa kwana a asibiti ba. Likitar idon, wadda a shekaru na haife ta, ta gama haska ni da 'yar fitilarta, sai ta sa yatsa ta taɓa fatar idona ta sama, daf da hanci.

"Alhaji, wannan fa? Tun yaushe ya fito?"

Na yi dariya na ce mata ai wannan tambarin gidanmu ne. Wani ɗan tudu ne rawaya-rawaya, bai fi ƙwayar shinkafa biyu a kwance ba, ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Babanmu yana da shi, yayana yana da shi a ido biyun. Mu asalinmu Borno ne, kakanmu ya zo Fagge da fatauci ya zauna, kuma tun zamanin Baba aka daina yi wa 'ya'yan gidan zane a fuska. Shi ya sa tsofaffinmu ke cewa da muka bar zanen aska sai Allah ya ba mu nasa. Ranar da nawa ya fito, bayan na wuce arba'in, Yaya ya dafa kafaɗata ya ce sai yanzu na zama ɗan gida.

Likitar ba ta taya ni dariyar ba. Takarda ta rubuta, ta ce gobe kada in karya, in je a ɗebi jinina, in kai wa likitan da ke ƙarshen baranda sakamakon.

Shi wannan likitan dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya daɗe yana kallon takardar, har na fara jin haushinsa. Sannan ya ce akwai wani kitse da ke yawo a cikin jinin kowa, suna ce masa kolestarol. Iri biyu ne, in ji shi. Ɗaya yana manne wa jijiyoyin jini a hankali har hanya ta ƙuntata, ɗayan kuma shi ke kwashe shi. Nawa mai mannewar ya yi yawa ƙwarai, mai kwashewar ya yi kaɗan. Tambarin gidanmu kuwa, kitsen ne ya leƙo ta fata.

"Mahaifinka yana da rai?" ya tambaye ni.

Na ce ya rasu.

"Me ya same shi?"

Na buɗe baki in ce ajali, don abin da muke faɗa ke nan shekara ashirin da wani abu. Sai na tuna. Ina wurin ranar. A shago ne, an idar da azahar, Baba ya miƙe zai sauko wa wata mata da turmin atamfa daga kanta ta sama. Hannunsa bai kai ba. Ya tafi gaba ɗaya, kansa ya bugi benci, hularsa ta gangara har waje. Bai yi ko tari ba da safen nan, ƙosai ma ya ci da mu. Shekarunsa hamsin da biyar.

Na faɗa wa likita. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya riga ya sani. Ya rubuta mini ƙwaya ta kullum, ya ce in rage man shanu da kitse da soye-soye, sannan ya ajiye biro ya dube ni.

"Maganin zai yi nasa aikin, amma ba zai yi tafiya a madadinka ba. Rabin awa kullum, da sauri, har ka ji gumi. Tafiya tana ɗaga mai kyan, tana taimakawa wajen sauke marar kyan, tana kuma ƙarfafa zuciyar kanta. Ka dawo bayan wata uku mu gani. Kana da 'yan'uwa?"

"Yayana."

"Ka kawo shi. Irin wannan yana bin gida."

Na fito na kama hanyar gida. Ni da na shiga asibitin lafiya lau, a cikin adaidaitar da ta mayar da ni gida hannuna yana kan ƙirjina. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Na lissafa, shekara huɗu ce tsakanina da shekarun Baba. Daga ranar duk gyatsar da na yi sai in tsaya in saurara. In na yi sujada in ji jini yana buga mini a kunne, sai in ce to ga shi nan ya zo. Matakalar benen kasuwa da nake hawa da gudu, na koma hawanta ina riƙe da ƙarfe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu inda ke yi mini ciwo. Da akwai ciwo da na san inda zan tsare.

Maiɗakina kaɗai na gaya wa. Ta yi kukanta ta share, ta ɗauke kwalbar man shanu daga ɗaki, sannan ta ce, "Sai ka gaya wa Yaya gobe."

Na ce to.

Dole in faɗi ko wane ne Yaya a wurina. Shekara bakwai ya ba ni. Da Baba ya faɗi, shi ya riƙe shagon, shi ya yi mini aure, shi ya ja ni jikinsa muka zama abokan kasuwanci a Kantin Kwari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama yana tsaye ba. Kullum ƙarfe tara zai tsaya a ƙofar gidana ya danna hon sau biyu, in fito in shiga gaba. Daga gidana zuwa shago tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, a mota kuwa sai mu ci rabin awa saboda cunkoso, amma ba wanda ya taɓa ganin wautar hakan a cikinmu. A motar muke yin duk shawararmu. Mutum ne mai yawan dariya da saurin fushi, kuma ra'ayinsa game da asibiti sananne ne: duk wanda ya kai kansa da ƙafarsa yana lafiya, to ciwo ya je saye. Sannan a gidanmu ba a maganar yadda Baba ya rasu. Ta ina ƙane zai fara ce wa yayansa abin da ke kan idonka shi ya kashe ubanmu?

Washegari na kira shi a waya na ce ya wuce, ina da ɗan uzuri, zan same shi a shago. Na zura babbar riga da silifas na fita tafiya.

Wanda bai san Fagge ba zai ɗauka tafiya abu ne mai sauƙi. Ban kai bakin layi ba wani maƙwabci ya ci birki. "Alhaji, lafiya? Ina motar? Shigo in rage maka hanya." Na ce na gode, nan kusa zan je. Ya ce wallahi ba zai wuce ni ba. Na shiga, ya sauke ni a inda ba ni da abin yi. Na sake kama hanya, mai adaidaitar da ke ɗaukar mana kaya ya hango ni, ya yi kwana a tsakiyar titi har ya kusa jawo hatsari, ya ce ko sisi ba zai karɓa ba. A unguwarmu ba a barin babban mutum a ƙasa. In an gan ka kana takawa, ɗayan biyu ne, ko ka karye ko wani abu ya faru a gida. In ka ƙi shiga kuma ka wulaƙanta mutum. Ranar mota uku na shiga, tafiyar da na yi duka ba ta kai minti goma ba. Na koma gida a fusace, ina tsine wa kirkin mutane a raina, Allah ya yafe mini.

Maiɗakina ce ta ce in tsallaka Sabon Gari, inda ba wanda ya san ni. Haka na koma yi. Da gari ya waye in bi ta lungu, kaina a ƙasa kamar marar gaskiya, in haye titi in faɗa cikin layukansu. Titunan can miƙaƙƙu ne, kana hango ƙarshen wannan daga farkonsa. Ana buɗe shaguna, mata na share ƙofa, wani coci ana ta waƙa a ciki. Ba wanda ya ce mini ci kanka. Ban taɓa jin daɗin rashin gaisuwa ba sai a lokacin.

A kwana na huɗu wani ya yi magana a bayana.

"Alhaji, gawa kake rakawa?"

Na juya a harzuƙe. Wani Ibo ne, fari tas a kansa, da gajeren wando da takalmin kambas, ya girme ni nesa ba kusa ba. Hausarsa ta fi tawa Kananci, don a nan Sabon Gari aka haife shi, kayan wuta yake sayarwa. Ya ce kwana uku yana ganina, ya san likita ne ya koro ni, don mai babbar riga ba ya yawo a layinsu da sassafe haka kawai. Shi ma shekara shida ke nan da aka koro shi.

"Wannan da kake yi ba tafiya ba ce, rangaji ne. Ka ɗaga ƙafa har ya zama kana iya magana amma ba ka iya waƙa. Kuma ka cire wannan tantin da ka yafa, ka sayi takalmin kirki."

Oga nake ce masa, shi kuma Alhaji, har yau ba wanda ya nemi sanin fiye da haka. Da farko in na ɗaga ƙafa zuciyata ta fara bugu, sai in tsaya cak in kama bango, ina jiran faɗuwa. Oga ya tsaya ya tambaye ni ko ƙirjina na ciwo, ko hannuna ya yi nauyi, ko ina ganin jiri. In ce a'a. Ya ce to aikinta take yi, mu je. A hankali na saba. Na sayi kambas, na koma sa 'yar shara. Kafin wata guda na fara zagaye biyu ban tsaya ba, wandona ya fara neman zamewa.

Amma ba na gamawa in yi wanka sai tara ta wuce, don haka na ce wa Yaya ya daina biyo mini. Ya ce, "Wani abu ne?" Na ce ba komai, ina son in riƙa motsa jiki ne. Ya yi dariya ya ce ashe na zama Bature. Bayan sati biyu ya daina dariyar.

Kasuwa tana da ido. An ga Yaya yana zuwa shi kaɗai, kujerar gaba ba kowa, an ga ni ina shigowa a ƙasa daga baya. Sannan ga maganar abinci. Tun zamanin Baba tire ɗaya muke ci da rana, daga gidan Yaya ake kawowa, shinkafa ko burabusko, man shanu yana ƙyalli a kai, da ƙashi mai ɓargo wanda Yaya kan turo mini gabana. Yanzu sai ga ni da 'yar kular gidana, wake da ganye. Ranar farko ya kalli kular, ya kalle ni, ya ja tirensa gabansa. Maƙwabcin shagonmu ya ja ni gefe yana tambaya ko raba shago za mu yi. Na rantse masa ba haka ba ne, ya ce Allah ya sa, da muryar wanda bai yarda ba.

Kullum ina zaune ina fuskantar Yaya, ina kallon tudun nan biyu a kan idonsa, nasa sun ninka nawa. Shekarunsa hamsin da takwas, ya riga ya wuce na Baba. In ya miƙe zai ɗauko kaya daga kanta ta sama sai in yi wuf in riga shi. Sau ɗaya har ya daka mini tsawa, ya ce ko na ga ya tsufa ne. Tsorona ya rabu biyu, kuma rabin da ke kansa ya fi nauyi.

Na gwada, ba wai ban gwada ba. Wata rana na ce, "Yaya, na je asibiti kwanaki." Ya ce, "Ai na ga tabarau. Sun samu kuɗinka." Na yi dariyar yaƙe na bar zancen. Wata Juma'a bayan masallaci na ce ina son magana da shi, ya tsaya ya dube ni, fuskarsa a ɗaure, kamar wanda ya shirya jin mugun labari. Sai na tsinci kaina ina yi masa zancen wani kaya da zai iso.

Oga ya tambaye ni wata safiya, muna haki, ko a gidanmu ni kaɗai ne. Na ba shi labarin Yaya. Ya tsaya a tsakiyar titi.

"Ka ce har yanzu ba ka gaya masa ba?"

"Oga, ba ka san mu ba. Ba a yi wa babba irin wannan maganar kai tsaye."

"A nan aka haife ni, na san ku sarai. Ka gaya masa ya zage ka. Zagi ba ya kwantar da mutum a gado."

Na ce masa na riga na yi dabara. Zan bari wata ukun su cika, in karɓo sakamako mai kyau, in ajiye wa Yaya takardu biyu a gabansa, ta da da ta yanzu. Ka ga ba ciwo na kawo masa ba, magani na kawo. Dabarar ta burge ni ƙwarai a lokacin. Oga ya girgiza kai kawai ya ci gaba da tafiya.

Wata uku suka cika. Likita ya duba sabuwar takardar, wannan karon bai daɗe ba. Marar kyan ya sauka sosai, ko da yake da sauransa. Mai kyan ya ɗan ɗaga, kuma ya ce wannan ƙafata ce ta jawo shi. Ya ce kada in kuskura in daina ko ɗaya, da ƙwayar da tafiyar. Ya tambayi yayana, na ce yana hanya.

Ranar Alhamis ce. Na sa takardun biyu a aljihu na tafi shago da niyya, na tarar da shi cikin baƙi. Juma'a na ce ba ranar irin wannan magana ba ce. Asabar ya tashi da fushi, wani ya ɓata masa rai a kan kaya. Na ce Litinin, ko me zai faru.

Litinin ɗin ina Sabon Gari, na ɗan makara, wayata tana aljihu ban ji ta ba saboda ƙarar titi. Da na tsaya shan ruwa na ga kira goma sha ɗaya. Na bi kiran, aka gaya mini abin da ya faru. Yaya ya iso kasuwa kamar kullum, ya ajiye motar a inda ya saba, bai fito ba. Masu wucewa sun gan shi a zaune, kansa a karkace, suka ɗauka waya yake yi. Gilashi a rufe, sanyin mota a kunne. Ba wanda ya san iya lokacin da ya ɗauka a haka kafin mai shayi ya lura ya buga gilashin.

Na isa asibiti da kambas ɗina, gumi na zuba. Suka ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Wani matashin likita, wanda bai san ko ni wane ne ba, ya ce irin wannan ana so a kawo mutum da wuri, ya tambaya ko ba kowa a tare da shi lokacin da abin ya faru. Ba wanda ya dube ni. Shekara ashirin da wani abu ina zaune a kujerar gaba ta motar nan. Da ina ciki, da maganarsa ta fara karkacewa zan ji.

Kwana tara bai yi magana ba. Ina zuwa da safe in zauna a gefen gadon har la'asar. Tafiya kuwa na daina, ko kallon takalmin ba na son yi. Tsoron mutuwata ya tafi, wani ya maye gurbinsa: kada Yaya ya tafi bai san dalili ba.

A rana ta goma, da hantsi, ya yi wa matarsa alama da hannun hagu ta fita. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa. Na matso da kunnena.

"Me... na yi... maka?"

Ban gane ba da farko. Ya sake faɗa, hawaye na bin gefen fuskarsa da bai shanye ba. Wata uku ke nan yana ɗauke da wannan tambaya. Yana tuƙa motarsa shi kaɗai, yana cin tirensa shi kaɗai, yana bincika kansa ya gano laifin da ya yi wa ƙanensa, girma ya hana shi tambaya kamar yadda kunya ta hana ni faɗa.

Na durƙusa a ƙasan asibitin na gaya masa komai, tun daga likitar ido. Na faɗi sunan abin, na faɗi yadda Baba ya rasu da bakina, na ce an ce in kawo shi tun ranar farko ban kawo shi ba. Ina kuka kamar yaro, ina jiran ya juya mini baya, kuma da ya yi da ban ga laifinsa ba.

Ya rufe ido ya daɗe, har na tsorata na taɓa hannunsa. Sannan ya buɗe.

"Gobe... ka kwashi yaran... nawa da naka... a ɗebi jininsu."

Da rabin baki ya faɗe ta, cikin numfashi huɗu. Ni mai cikakken baki na yi wata uku ban iya ba. Na ce to, Yaya. Na goge masa gefen bakinsa, na fita baranda na fara kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ina gaya musu kada kowa ya karya da safe.